Illolin Gina Wuraren Shaƙatawa a Cikin Kwarin Kogi

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin hukumomi da attajirai da sauran mutanen ƙasa ga wata al'ada wadda ke daɗa samun gindin zama a birane, watau ɗaukar cikin rafi ko kwarin kogi a mayar da shi lambun shaƙatawa. Sau da yawa niyyar masu yin haka mai kyau ce. Gari ya cika, filaye sun yi tsada, yara ba su da wurin wasa, ga kuma wani kwari a tsakiyar unguwa wanda yake bushe wata shida ko bakwai a shekara, ba kowa a cikinsa sai awaki da masu ɗibar yashi. Sai a ga kamar hasara ce a bar shi haka nan. Daga nan sai a cike shi da ƙasa, a shuka furanni, a kafa lilo da benci, a kewaye shi da katanga, a ajiye mai karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa. Abin da za a bayyana a nan shi ne dalilan da suka sa wannan dabara takan ƙare da hasarar dukiya, wani lokaci ma har da ta rayuka, sa'an nan a nuna hanyar da gari zai bi ya sami wurin hutawa ba tare da ya tare wa ruwa hanyarsa ba.

Birnin Bauchi da hanyoyin ruwansa

Birnin Bauchi ya isa misali ga sauran biranen ƙasar nan. Tun sa'ad da Sarki Yakubu ya kafa shi wajen shekarar 1809, a tsakanin duwatsu yake zaune. Dutse kuwa ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansa nan take yake gangarowa ya nemi kwari. Ruwan saman da birnin ke samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da na Oktoba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ma'anar wannan ita ce rafin da aka gani ƙeƙasasshe a watan Fabrairu, shi ne zai ɗauki ruwan shekara guda cikin 'yan watanni kaɗan.

Mutanen da sun san haka sarai, har sun bar shaida a cikin sunayen unguwanni. Wanda ya ji an ce Rafin Zurfi, ko Rafin Makaranta, ko Fadaman Mada, ya san abin da masu raɗa sunan suka gani a wurin. Wanda kuma ya ji Tudun Salmanu ko Dutsen Tanshi, ya san cewa can ne sama, daga can ruwa ke gangarowa.

Ita kuwa unguwar GRA, asalinta daga tsarin Turawan mulkin mallaka ne. A ƙarƙashin tsarin birane na zamanin Gwamna Lugga, akan bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Manufar ta wariya ce, ba abin yabo a cikinta, amma ta bar wa irin waɗannan unguwanni gadon manyan fulotai da manyan itatuwa da ƙasa a buɗe wadda ke shanye ruwan sama. Bayan da Bauchi ta zama babban birnin jiha a shekarar 1976, jama'a suka ƙaru, aka yanka sabuwar GRA, gine-gine suka yawaita. Abin da ake gani yanzu a unguwannin GRA na birane da yawa shi ne ana rarraba babban fuloti gida uku ko huɗu, ana sare itatuwa, ana shafe tsakar gida da siminti. Ruwan da a da yake nutsewa cikin ƙasa, yanzu lambatu yake bi ya faɗa kwari. Saboda haka kwarin da ke gefen irin wannan unguwa ya fi bukatar faɗinsa yau fiye da shekara 50 da suka wuce, alhali kuwa yanzu ne idon masu neman fili ya fi komawa kansa.

Halin ruwa da lissafinsa

Ya kamata a san yawan ruwan da ake magana a kai. In aka yi ruwa na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, a kan fili mai murabba'in kilomita 1, abin da ya sauka ya kai lita miliyan 50. Nauyinsa tan 50,000 ne. In za a kwashe shi da tankokin mai irin masu ɗaukar lita 33,000, sai an jera fiye da 1,500. A daji ƙasa da ciyawa sukan shanye kaso mai yawa, saura ya gangara a hankali. A unguwar da ta cika da rufin kwano da kwalta da siminti kuwa, mafi yawansa yana isa kwari cikin ƙasa da awa guda.

Kowane kogi yana da sassa uku. Akwai cikinsa, inda ruwa ke bi kowace damina. Akwai gaɓa, wadda saiwoyin itatuwa da ciyayi ke riƙe da ita. Akwai kuma fadama, inda ruwa ke bazuwa ya huce in ya fi ƙarfin ciki. Dukkan ukun na kogi ne, ko da ya yi shekara goma bai taka fadama ba.

To, a ce kwari ne mai faɗin mita 40, aka cike rabinsa da ƙasa aka yi lambu. Ruwan da zai wuce ta wurin bai ragu ko da ludayi ɗaya ba. Abin da zai yi bai wuce biyu ba. Ko dai ya taru a bakin matsatsin ya yi sama, ya koma da baya ya shiga gidajen da ke gabanin lambun, ko kuma ya ƙara gudu ya kutsa, ya fita da ƙarfi ya ci gaɓa, ya tone gindin gada da kwalbatin da ke bayansa. Galibi duka biyun yake yi.

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata a gyara. Injiniyoyi sukan ambaci ambaliyar shekara 100, sai wanda bai sani ba ya zaci in an yi ta bana an huta sai bayan ƙarni guda. Abin da ake nufi shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar 1 cikin 100 ta zo. In aka haɗa shekara 30, watau tsawon ran ginin da bai ma tsufa ba, yiwuwar ta haura 1 cikin 4. Mutanen Maiduguri sun ga babbar ambaliya a 1994, suka sake ganin wata a 2024.

Illa ta farko: hasarar rayuka

Babban haɗarin lambun da ke cikin kwari shi ne yana kiran mutane zuwa inda ruwa zai zo, kuma mafi yawan waɗanda yake kira yara ne da mata da tsofaffi. Manomin da ya saba da rafi ya san alamunsa, in ya ga hadari ya haɗu a kan dutse ko ya ji ƙugin ruwa daga nesa sai ya hau tudu. Baƙon da ya biya kuɗi ya shiga ta ƙofa kuwa, ya ga fitilu da ma'aikata, ya sakankance cewa hukuma ta duba wurin. Bugu da ƙari, rigyawa ba ta jiran a yi ruwa a inda mutum yake. Ana iya sheƙa ruwa a kan duwatsu kilomita 10 daga gari, rana tana haske a lambu, sai kawai a ga ruwa ya iso ɗauke da laka da kututture. Masana sun auna cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Katangar da aka gina don hana shiga ba biya, ita ce ke hana fita a ranar gudu.

A ranar 7 ga Agusta, 1996, a kusa da garin Biescas na ƙasar Sifaniya, ruwa ya gangaro daga duwatsu ya afka wa wani sansanin masu yawon hutu wanda aka kafa a bakin wata ƙorama, mutane 87 suka rasu. An riga an yi wa ƙoramar shingaye da magudana, aka zaci an gama da ita. Wani ma'aikacin gwamnati ya rubuta gargaɗi tun kafin a ba da izinin kafa sansanin, ba a saurare shi ba. A shekarar 2005 kotu ta umurci gwamnati ta biya iyalan mamatan diyya, amma diyya ba ta mayar da rai.

Illa ta biyu: dukiyar jama'a a bakin ruwa

Ba sai an tafi Turai ba kafin a ga misali. A Ibadan an buɗe lambun Agodi a shekarar 1967, da itatuwa da namun daji, a kan hanyar ruwan Ogunpa. A ranar 31 ga Agusta, 1980, Ogunpa ya yi ambaliyar da ta ci rayuka fiye da 100 a birnin, ya lalata lambun, ya tafi da yawancin dabbobin da ke ciki. Wurin ya daɗe cikin halin ni 'yasu, sai a shekarar 2014 aka sake buɗe shi bayan an kashe wasu sababbin kuɗi.

A Maiduguri, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, Kogin Ngadda ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda ke kusa da kogin, ya nutse. Hukumar gidan ta ba da sanarwa cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya fitar da kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Watau mutanen da ke fama da ruwa a ɗakunansu sai ga shi an ƙara musu da fargabar abin da ke iyo a cikinsa.

A ƙasar Meksiko akwai birnin Montere, wanda Kogin Santa Katarina ya ratsa ta tsakiyarsa. Kogin yakan yi shekaru a bushe, kamar yadda rafukan Arewa ke yi da rani. A watan Satumba na 1988 guguwar Gilbert ta cika shi, ya tafi da motocin safa cike da fasinjoji. Duk da haka, da aka kwana biyu sai aka manta, aka cika cikin kogin da filayen ƙwallo da kasuwa da hanyar masu keke. A farkon watan Yuli na 2010 guguwar Alex ta zo, ruwa ya share su, ya kuma cinye sassan manyan titunan da ke gaɓar kogin. Bayan wannan ba a sake mayar da waɗannan gine-gine ba, itatuwa da ciyayi suka tsiro a wurin.

Ko a shekarar da ba a yi babbar ambaliya ba, lambun cikin kwari ba ya rabuwa da ɗawainiya. Kowace damina sai an kwashe yashi da laka, an gyara wayoyin lantarki da ruwa ya jiƙa, an sake shuka abin da ya tafi. Filin da aka ɗauka don araharsa sai ya zama shi ne mafi tsada a cikin gari, kuma daga baitulmalin da ake gina asibiti da makaranta ake biya.

Illa ta uku: cutar da maƙwabta

Wanda ya cike kwari ba shi kaɗai ke ɗaukar sakamakon ba. An riga an bayyana yadda ruwa ke komawa da baya in an matse shi. Daɗin daɗawa, duk abin da aka ajiye a cikin lambu, benci ne ko rumfar kwano ko tankin ruwa ko shingen waya, ranar ambaliya kaya ne da ruwa zai ɗauka ya kai bakin kwalbati ya toshe. Kwalbatin da ya toshe ya zama madatsa, ruwa ya hau kan titi ya nemi ƙofofin mutane, in kuma toshiyar ta ɓalle gaba ɗaya sai ya faɗa wa na ƙasa da ƙarfin da ya ninka na farko. Sau da yawa masu amfana da lambun mazauna tudu ne, masu kwana cikin ruwa kuwa talakawan unguwannin gangare ne waɗanda ba a shawarce su ba.

Wasu sukan ce ai sai a zuba ruwan cikin bututu ko magudanar kankare, a rufe, a yi lambu ko titi a bisa. Bututu yana ɗaukar iyakar abin da aka auna masa ne kawai, kuma in ya cika da yashi da leda ba mai gani. A birnin Shiraz na ƙasar Iran an matse wata tsohuwar hanyar ruwa a mashigar gari aka shimfiɗa titi. A ranar 25 ga Maris, 2019, lokacin hutun sabuwar shekararsu, ruwa na ɗan lokaci kaɗan ya bi titin ya tattara motoci, mutane wajen 20 suka rasu. A Jidda, birnin da alhazai suka sani, an yi gine-gine a cikin kwaruruwan da ke gangarowa daga duwatsun gabas. A ranar 25 ga Nuwamba, 2009, daidai farkon aikin Hajji, ruwa ya bi tsofaffin hanyoyinsa, mutane fiye da 120 suka rasu, har Sarki Abdullahi ya kafa kwamitin bincike. A nan gida, a daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya lalata atamfofi da yadudduka masu yawa, aka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanun ruwa. 

Illa ta huɗu: lafiya da ruwan sha

Rafin da ya ratsa birni shi ke karɓar ruwan lambatu da na wanka da duk ƙazantar da ruwan sama ya wanko. Bayan ambaliya ta janye, wannan dauɗa takan kwanta a kan ciyawar da yara za su yi birgima. A irin wannan lokaci ne cutar kwalara da zawo ke yaɗuwa. In kuma aka datse rafin don a yi ɗan tafki na ado, ruwan ya kwanta, an yi wa sauro gida a tsakiyar unguwa, an kuma yi wa dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya wurin hayayyafa.

Akwai wata hasara wadda ido ba ya gani. Yashin cikin rafi da ƙasar fadama su ne ke tsotse ruwan damina su tura shi ƙarƙashin ƙasa, daga can rijiyoyi da burtsatse ke sha da rani. In aka shafe cikin rafi da kankare, ruwan ya wuce da sauri bai bar kome ba, sai rijiyoyin unguwa su fara ƙafewa tun kafin bazara. Ciyawar ado kuma ba ta rayuwa da rani sai da ban ruwa kullum, saboda haka lambun ya rage abin da ke shiga ƙasa, ya kuma ƙara abin da ake jawowa daga cikinta. Ga mutanen Bauchi akwai ƙarin dalili: madatsar Gubi ce ke ba birnin ruwan famfo, kuma rafukan da ke kewayen birnin suna daga cikin masu kai mata ruwa. Laka da shara da maganin feshin da aka bari suka bi rafi, ƙarshensu a wurin tace ruwan da jama'a ke sha, inda za a ƙara kashe kuɗi kafin a raba su da shi.

Illa ta biyar: sana'o'i da abin da ke biyo baya

Kwarin da ake kira kango yana da masu shi. Masu noman rani suna shuka alayyafo da latas da tumatir da albasa a gefensa suna kai wa kasuwannin gari, makiyaya suna shayar da dabbobi a wurin. In aka kewaye shi da katanga, an raba magidanta da abincinsu, kayan miya kuma sun ƙara tsada.

Sa'an nan an sha ganin cewa lambu shi ne matakin farko. Bana rumfar mai tsire ce, baɗi shagon bulo, bayan shekara biyar zauren biki da wurin ajiye motoci. Kowane gini yana kafa hujja da wanda ya riga shi, har a wayi gari babu kwarin babu lambun, sai jerin gine-gine a kan hanyar ruwa waɗanda rushe su sai da rigima da shari'a.

Amsa ga masu kawo misalin Balensiya

Masu goyon bayan wannan aiki sukan kawo misalin birnin Balensiya na Sifaniya, inda tsohon kwarin Kogin Turiya ya zama lambu mai tsawon kimanin kilomita 9, abin sha'awa ga duk wanda ya gani. Gaskiya ne, amma ya kamata a ji labarin daga farkonsa. A watan Oktoba na 1957 kogin ya yi ambaliya ya kashe mutane fiye da 80. Gwamnati ta yi shekaru tana haƙa wa kogin sabuwar hanya mai faɗin gaske a kudancin birnin, da kuɗi masu yawa, ta kawar da shi daga tsakiyar gari ɗungum. Sai bayan wannan, a shekarar 1986, aka buɗe lambun. Watau an fara ba ruwa wata hanya tukuna kafin a karɓi tsohuwar. Da aka yi gagarumar ambaliya a ranar 29 ga Oktoba, 2024, tsakiyar birnin ta tsira, amma a garuruwan da ke kudu, waɗanda suka bunƙasa a gefen wasu kwaruruwa, mutane fiye da 220 suka rasu a lardin. Garin da ba shi da halin haƙa sabon kogi bai kamata ya kwaikwayi ƙarshen aikin ya bar farkonsa ba.

Ƙasar Holan, wadda ta fi kowa sanin yaƙi da ruwa, ta canja dabara bayan ambaliyar 1993 da 1995. Maimakon ta daɗa matse koguna, sai ta shiga janye shingaye baya tana mayar wa kogi fadamarsa. A waɗannan filaye mutane suna yawo da kiwo in ruwa ya janye, in ya zo kuma su bar masa.

Abin da ya kamata a yi

Babu mai musun cewa birni yana bukatar wurin shan iska. Abin da ake nema shi ne a sa kowane abu a muhallinsa. Cikin rafi a bar shi fayau, ba cikawa, ba katanga, ba gini, ba zubar da shara. Gaɓa a tsare ta da itatuwa da ciyayi masu riƙe ƙasa, a hana haƙar yashi a gindinta da gindin gada. A fadama ana iya yin abin da ruwa zai hau ya sauka bai yi ɓarna ba, kamar filin ƙwallo marar katanga, da hanyar ƙafa, da inuwar itatuwa, da lambunan kayan miya, tare da mafita da yawa zuwa tudu da kuma ƙa'idar rufe wurin duk ranar da hadari ya haɗu. Ɗakin kwana, da zauren taro, da gidan namun daji, da makewayi, da na'urorin lantarki, duk wurinsu tudu ne. A unguwa irin GRA, inda har yanzu akwai ragowar manyan filayen gwamnati a kan tudu, daga cikinsu ya kamata a keɓe lambun jama'a tun ba a gama yanka su ba.

Dokokin ƙasa sun riga sun ba da makamin yin haka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun Gwamna a matsayin amana domin jama'a, ta kuma ba shi ikon soke takardar mallaka saboda maslahar jama'a. Doka mai lamba 88 ta 1992 ta wajabta neman izinin hukumar tsara birane kafin a yi gini, mai lamba 86 ta wannan shekara kuma ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 2009 an fitar da ƙa'idojin kare fadamu da gaɓar koguna da tafkuna a ƙarƙashin hukumar NESREA. Kowace shekara hukumar NiMet tana ba da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana bayyana yankunan da ake fargabar ambaliya. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Saboda haka lalle ne hukumomin tsara birane su sa safiyo su auna iyakar kowane rafi, a kafa alamu, a buga taswira inda kowa zai gani, kada a ba da takardar fili a cikin wannan iyaka ko wane ne ya nema. Ma'aikacin da ya rubuta gargaɗi a saurare shi. Attajirin da ke son kafa wurin shaƙatawa ya tambayi dattawan wurin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya duba alamar laka a jikin itatuwa da gada, ya je ya ga filin a watan Agusta kafin ya biya. Masu unguwanni da dagatai su kai rahoto tun ranar da aka sauke tifar ƙasa ta farko, domin hana gini ya fi rushe shi sauƙi. Iyaye kuma su hana yara wasa a cikin kwari muddin damina ba ta wuce ba, ko da sama tana garau.

A shekarar 2012 ambaliya ta ci rayuka fiye da 360 a ƙasar nan, a 2022 fiye da 600, a garin Mokwa kaɗai kuma fiye da 150 a watan Mayu na 2025. Ba dukkan wannan hasara ce hannun mutum zai iya hanawa ba, amma tare hanyar ruwa da gangan yana cikin abin da ake iya bari. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ana roƙon duk wanda wannan jawabi ya isa gare shi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya kuma kai maganar gaban mai unguwarsa da ƙaramar hukumarsa tun kafin damina ta faɗi. Allah ya kiyaye ƙasa da mutanenta.